Yadda ake gano yanayin dā daga ƙurar fure a lakar tafki

Manomi ya san bununin gero, ƙurar nan da ke zuba daga zangarniya. Duk shuka mai fure tana da irin wannan ƙura, kowane dangi da siffar tasa, kuma ɓawon ƙurar yana da tauri sosai. Idan ta nutse a ƙasan tafki inda iska ba ta kaiwa, sai ta yi dubban shekaru ba ta ruɓe ba. Lennart von Post na Suwidin ne ya gabatar da hanyar gano yanayin dā daga wannan ƙura a 1916.

Fara da zaɓen tafki mai zurfi wanda bai taɓa ƙafewa ba, kamar Yoa a arewacin Chadi. Daga kan kwalekwale a kafa dogon bututu cikin laka, a zaro ta a jere. Ta ƙasa ita ce tsohuwa.

Sai a tsaga bututun, a riƙa ɗibar laka kamar ƙwayar wake, tazara bayan tazara. A wanke ta da asid da sauran sinadarai har yashi da ƙasa su narke, ƙurar ta rage. Shekarun kowane mataki kuwa da awon kabon-14 ake gano su, wato wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa a hankali a jikin abu mai rai bayan ya mutu. A nan gara a nemi guntun ganye ko ƙwayar irin shukar tudu don yin awon, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko tsohon kabon ya ƙara wa laka shekaru.

Aikin haƙurin shi ne ƙirga. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake tantance ƙwayoyi wajen 300 a kowane ɗiba: wannan ta ciyawa ce, wannan ta itace. Amma a yi hattara. Ciyawa iska ke kwasar ƙurarta, tana zubar da ita da yawa, bagaruwa kuwa ƙwari ke yi mata dako, kaɗan ke isa tafki. Wanda ya ɗauki adadi a yadda ya gan shi zai ce babu itace a inda akwai. Shi ya sa dole a gwada da ƙurar da tsirran yau ke zubarwa.

Da aka bi wannan hanya a Yoa, binciken Stefan Kröpelin da abokan aikinsa na 2008 ya nuna cewa shekara 6,000 da suka wuce wurin fili ne mai ciyawa da itatuwa. Sannu a hankali ya bushe, har ya zama hamada wajen shekara 2,700 da suka wuce.