Yadda ake tantance tsohuwar agwagwar katako ta maharba kafin a saya

A Amurka da Kanada, maharban zamanin da sukan sassaƙa agwagwa da katako, su jera su a kan ruwa domin agwagin daji su ɗauka 'yan'uwansu ne su sauko. Yau waɗannan sassaƙe-sassaƙe sun zama kayan tarihi: a 2007 an sayar da guda biyu na Elmer Crowell, masassaƙin East Harwich a Massachusetts, kowanne dala miliyan 1.13. Inda kuɗi ya kai haka, jabu ba ya nisa.

Da farko ka zaɓi yanki ɗaya ka san shi ciki da bai. Agwagin gaɓar Chesapeake da ke gabashin Amurka curi ne, masu nauyi, da dalma a gindi. Na New Jersey da na kogin Illinois yawanci raba katakon aka yi biyu, aka rarake ciki, aka haɗe da ƙusoshi. Sabon shiga gara ya fara da na masana'antar Mason ta Detroit, wadda ta yi aiki daga 1896 zuwa 1924. Suna da yawa a kasuwa, kuma darajojinsu uku sanannu ne: Premier, Challenge, sai Standard.

Idan ta shigo hannunka, kifa ta ka duba gindi. Nan ake samun dalma, da zoben ɗaura igiya, da hatimin da aka ɗana da wuta. Amma hatimi kan ruɗi mutum, domin sau da yawa sunan mai farauta ne, ba na masassaƙi ba. Shi Crowell ya fara da hatimi mai siffar ƙwai, daga baya ya koma mai kusurwa huɗu, wannan kuwa na taimakawa wajen sanin zamanin aikin.

Sai fenti, wanda a kansa cinikin duka ya rataya. Agwagwa mai fentinta na asali, ko da ya goge, ta fi wadda aka sake shafawa daraja nesa ba kusa ba. Sa gilashin ƙara girma. Tsohon fenti yana da ƙananan tsage-tsage marasa tsari, kuma yakan goge ne inda hannu da igiya da jikin kwalekwale suke taɓawa: saman kai, gefen jiki, bakin wutsiya. Gogewar da aka yi da sanfefa takan bar layuka masu bin hanya ɗaya, har a lungun da ba abin da zai taɓa. Leƙa cikin ramukan harsashi da tsagewar katako. In ka ga fenti ya kwarara ciki, bayan raunin aka shafa shi. Sansana ma, warin fenti ko na gam ba ya kai shekara ɗari. Daga nan ka shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan ta gane jabun kuɗi. Wurin da aka taɓa daga baya yakan fito baƙi-baƙi a kan sauran jikin. Gyaran da ya daɗe sosai yakan tsere wa fitilar, don haka kada ka dogara da ita kaɗai.

Kan agwagwar daban ake sassaƙa shi a dasa, shi ya sa ake yawan musanya shi. Kwatanta tsufan fentin kai da na jiki, ka duba ko wuya ya zauna daidai a gurbinsa. Baki ma yakan karye a yi masa ƙari. In kuɗin mai yawa ne, nemi hoton asibiti irin na ƙashi: zai nuna ƙusoshi, da ƙwayoyin harsashi, da inda aka cike da wani abu.

Kafin ka biya, mai sayarwa ya rubuta maka wanda ya sassaƙa, da yanayin fenti, da duk gyaran da aka yi, da sharaɗin mayarwa.

A gida kuma, kame hannunka. Kada ka wanke, kada ka shafa mai ko man ƙyalli, kada ka cire dalmar. Buroshi mai laushi ya isa kaɗe ƙura. Ajiye ta nesa da rana da abin ɗumama ɗaki, inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, domin bushewa irin ta hunturu tana tsaga katako, ta buɗe mahaɗin masu rarakakken ciki. Tsohon fentin yakan ƙunshi dalma, saboda haka wanke hannu bayan ka taɓa, kuma ka ɗora ta inda yara ba za su kai ba.