Faɗaɗa gidan renon yara a Katsina: inda masu neman jari suke yin tuntuɓe

Gidajen reno da nazare sun yawaita a Katsina, daga Layout zuwa Ƙofar Ƙaura da Barhim, kuma da yawansu a gidan haya suke. Yara na cika ɗakuna sai mai wurin ta fara tunanin ƙara aji ko sayen fili. Galibi ba rashin masu ba da kuɗi ke kayar da mutane ba. Ɗauko kuɗin da bai dace da aikin ba ne.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne sayen fili ko yin gini da rancen shekara ɗaya. Gini sai ya ɗauki shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa, ƙaramin banki kuwa wata mai zuwa zai fara karɓa. A ce an ranto naira miliyan 5 a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata, ana lissafawa a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. Ruwan kaɗai naira 200,000 ne a wata, haɗe da uwar kuɗi ya kusa 617,000. Idan kowane yaro na biyan 15,000 a wata, kuɗin yara 42 ya tafi banki ke nan, ba a biya masu reno ba, ba a sayi ruwa ko man janareta ba, sabon ginin ma ko linta bai kai ba. Irin wannan rance na katifu ne da kujeru da sola. Fili da gini na son kuɗi mai dogon wa'adi. Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, DBN, yana da lamunin da kan kai shekara 10 tare da jinkirin fara biya, amma ba ya ba mutum hannu da hannu, sai ta bankunan da yake hulɗa da su. Don haka ki tambayi bankinki ko yana ciki. Lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, kuwa na gidan zama ne, kada a ɓata lokaci a kansa.

Sai batun takarda. Yarjejeniyar ciniki mai sa hannun dillali da mai unguwa ba ta zama jingina a banki. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma jinginar da filin da ke da takardar shaidar mallaka ta C of O sai da amincewarsa, abin da ke cin lokaci da kuɗi. Kafin a ba da ko kafin alƙalami, a bincika filin a KATGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Katsina, a tabbatar sunan mai sayarwa ne a kai kuma ba a jinginar da shi ba. In na gado ne, duk magada su sa hannu, har matan da ke aure a wani gari, domin ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsayar da gini a kotu. A duba kuma ko an ware filin don zama ne kawai, a kai zanen gini hukumar tsara birane ta jiha, URPB, tun ba a haƙa tushe ba.

Masu gudun kuɗin ruwa kan nufi bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJ suna zaton za a zuba musu tsaba a asusu. Ba haka tsarin yake ba. A murabaha banki ne ke sayen siminti da rodi da kwano, ya sayar miki da ribar da aka yanke tun farko. Ladan magina da leburori ba kaya ba ne, sai ki tanade shi daga adashi ko ajiya. Gida ginanne kuwa ijara (banki ya saya ya ba ki haya) ko haɗin gwiwa mai raguwa (ku mallaka tare, kina sayen kason banki a hankali) ya fi dacewa da shi, kuma za a nemi ki kawo naki kason.

Wani abin da ke sa a mayar da takardun mutum: iyaye na turo kuɗi ta asusun mai gida, wasu ta POS ɗin maƙwabci, wasu a hannu. Banki abin da ya gani a asusu yake yarda da shi. A yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a buɗe asusu da sunan makarantar, komai ya bi ta nan wata 6 zuwa 12 kafin a nemi lamuni. Wajen lissafi kuma a ƙirga yaran da iyayensu ke biya a kan kari, ba sunayen da ke rajista ba. Mai karɓar kuɗi zango-zango ta nemi a daidaita biyan bashin da farkon kowane zango, don watan Agusta na dogon hutu ba ya kawo komai.

Gini a gidan haya ma ya ci mutane. In dole ne, a rubuta yarjejeniya ta shekara 5 ko fiye, da adadin da za a riƙa cirewa daga haya. Haka in ɗan'uwa ne ya zuba kuɗi: a rubuta ko bashi ne ko hannun jari, kasonsa nawa, da yadda zai fita in ya so, a gaban shaidu biyu.