Yadda za ki cire tabo daga jakar hannu ta yadi ba tare da kin lalata ta ba

Yawancin jakunkunan yadi da ake saye a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi, da waɗanda teloli ke ɗinkawa da ragowar atamfa don su dace da anko, akwai kwali ko siririn soso a tsakanin yadin waje da shafin ciki, kuma sau da yawa da gam aka manne su. Shi ya sa jakar ke tsayawa ƙyam. Idan aka tsoma ta a bokiti aka jiƙa, kwalin ya sha ruwa ya lanƙwashe, gam ya saki, babu gugar da za ta dawo da ita. Don haka kafin komai, ki matsa gindin jakar da gefenta da yatsu. In kin ji abu mai tauri, wurin tabon kawai za ki wanke. Jakar kanfas marar kwali ko soso a ciki ce kaɗai ke jure wanki gaba ɗaya.

Ki zazzage kayan ciki, ki jawo shafin waje ki kakkaɓe. Sannan ki bi jikin jakar da busasshen buroshi mai laushi, musamman a lokacin hunturu. Ƙurar da ba a kaɗe ba, da zarar ta haɗu da ruwa sai ta zama laka ta shige cikin zare.

Ruwan wankin ba shi da wuya: kofi 2 na ruwa mai ɗan ɗumi da ƙaramin cokali 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke. Garin sabulu ya fi ƙarfin irin wannan aiki, yana barin fari-fari idan ya bushe. Kafin ki taɓa tabon, ki tsoma farin ƙyalle ki danna a wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin jakar, ki ƙirga talatin. Idan launi ya fito a ƙyallen, yadin yana zuba, sai ki rage ruwa sosai, kumfar kawai za ki riƙa ɗiba.

Maiƙo shi ne ya fi yawa: manja, man gyaɗa, romon da ya ɗiga daga ledar abincin biki. Ruwa ba ya cire mai, baza shi yake yi. Ki danna tishu ya tsotse na sama, ki barbaɗa sitati ko hodar jarirai har ta rufe wurin, ki bari aƙalla awa 1, in tabon ya kwana biyu ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga hodar ta dunƙule ta yi duhu, alamar ta sha man. Ki kaɗe, ki ɗiga sabulun ruwa ɗigo biyu kai tsaye, ki murza a hankali da tsohon buroshin haƙori daga bakin tabon zuwa tsakiya. Daga tsakiya zuwa waje faɗaɗa shi ake yi. Manja yakan bar rawaya-rawaya ko bayan man ya fita. A kan farin kanfas, ɗan hasken rana na kashe wannan launin, amma atamfa mai launi ita ma rana za ta ci ta, gara ki maimaita sabulun sau biyu.

Tawadar biro da jan baki suna son sifirit, wanda ake samu a kemis. Ki sa wani ƙyalle a bayan tabon idan hannu na kai wa, ki jiƙa auduga kaɗan ki riƙa dangwalawa, kina sauya audugar da zarar ta yi launi. Kada ki goga. Kuma ki nisantar da sifirit daga hannun jakar idan na roba ne mai kama da fata, yana cinye sheƙinsa.

Zoɓo da shayi, ruwan sanyi tukuna, sannan farin ruwan kal (vinegar) kashi 1 cikin ruwa kashi 2. Idan kika fara da sabulu a kan zoɓo, jan zai iya rikiɗewa ya koma shuɗi-shuɗi. Jini ma ruwan sanyi kawai, zafi na dafa shi cikin zare. Lalle da tsohon tabon goro rini ne, za su dusashe amma da wuya su fita fes, kuma dirzar da za a yi musu ta fi tabon muni, don yadin zai yi gashi ya koɗe. Bilic kuwa farin auduga zalla ne kawai ke ɗaukarsa. Kada ki taɓa haɗa shi da kal ko lemon tsami, haɗin na fitar da iska mai guba da ke cutar da ƙirji.

Ɗauraya ita ce inda aka fi yin sakaci. Sabulun da ya rage a yadi yana kama ƙura, bayan sati biyu wurin ya fi da datti. Ki matse tsaftataccen ƙyalle a ruwa zalla ki danna, ki wanke shi ki sake, har sai kumfa ta daina fitowa. Daga nan ki shafa danshin a duk fuskar wannan gefen, daga ɗinki zuwa ɗinki. In ba haka ba, wurin da kika wanke zai bushe da zagayayyen shaci kamar taswira.

Ki danne ruwan da tawul, ki cusa wani busasshen tawul ko farar takarda a ciki don jakar ta riƙe siffarta. Jarida na zubar da tawada a shafin ciki. Ki goge zif da ƙarafan nan take kada su yi tsatsa su ɓata yadin da ke kewaye. Ki ajiye ta a inuwa mai iska, baki a buɗe, kuma kada ki rataye ta da hannunta tana da nauyin ruwa. A hunturu ko bazara wuni ɗaya ya isa. A watan Agusta kuwa sai an haɗa da fanka, tana iya kai kwana biyu, kuma ki taɓa kusurwoyin ciki kafin ki mayar da ita durowa, don nan ne fumfuna ke farawa. Idan wari ya rage, ki ƙulla cokali 2 na bekin soda a siririn ƙyalle ki jefa ciki ya kwana. Zif ɗin da ya yi tauri bayan wanki, ki goga masa kyandir a haƙoransa, ki ja shi sama da ƙasa sau uku.