Yadda ake koyon magana a gaban jama'a a ƙungiyar masu jawabi

Akwai wanda zai riƙe fada da hira tun daga shayin farko har na uku, amma a ce ya miƙe gaban mutum 20 ya yi minti biyar, sai yawu ya ƙafe, gwiwa ta hau rawa. Maganin abin maimaici ne a gaban waɗanda za su faɗa maka gaskiya. Tsarin da aka fi sani shi ne na ƙungiyar masu jawabi ta Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kaliforniya ta Amurka a 1924, kuma ƴan Maraɗi na iya aron dabarunta su kafa tasu.

Mutum 10 zuwa 20 sun isa, sai ajin lakkwal guda, ko a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo. A tsai da rana ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. Safiyar Asabar ta fi, don mata ma su samu zuwa. Kowane zama a raba aiki: jagora, mai agogo, mai ƙirga, sai mai sharhi ɗaya ga kowane mai jawabi.

Jawabinka na farko kan rayuwarka ne, minti 4 zuwa 6. Na gaba 5 zuwa 7. Kafin ka rubuta komai, faɗi saƙonka cikin jimla guda. In ya ƙi shiga, jawabi biyu ka haɗa, ajiye ɗaya. Kada ka haddace duka, domin kalma ɗaya na suɓucewa sauran za su bi ta. Haddace jimlar buɗewa da ta rufewa kawai, tsakiyar kuma kanu uku a ƴar takarda. Gwada sau uku a tsaye, murya a sama, salula na ɗauka, ka daure ka saurara.

Mai agogo na riƙe da kati uku. A jawabin minti 5 zuwa 7: kore a minti 5, rawaya a 6, ja a 7, da rangwamen daƙiƙa 30. A nan al'adarmu ke cin mutane. Ana gaida shugaba, a gaida malamai, iyaye maza da iyaye mata, a nemi gafarar wanda aka manta, kafin a taɓo batu minti biyu sun tafi. Sallama da gaisuwa guda mai haɗa kowa sun wadatar. Haka zancen ido: an tarbiyyantar da mu kan sunkuyar da kai gaban manya, kuma abu ne mai kyau, amma wanda ya sunkuya muryarsa ƙasa take zuba, na baya ba sa ji. Zaɓi mutum uku, hagu da tsakiya da dama, ka ƙarasa jimla kan kowane kafin ka juya.

Mai ƙirga shi ke rubuta "wato", "ka gane", "eh to", da "bon" da "donk" na waɗanda suka yi lakkwal. Suna fitowa ne don baki ya riga tunani. In ka ji ɗaya na tahowa, rufe baki ka ja numfashi. Shirun da kake ji kamar shekara, wurin mai sauraro ɗan hutu ne.

Sai jawabin ba-zata, minti 1 zuwa 2. Jagora ya jefo tambaya, misali me ke sa hatsi tsada kafin kaka. Ba da amsa, kawo dalili ɗaya, ɗora misali daga kasuwa, ka zauna.

Sharhi ne ke raya ƙungiya, kara kuma ke kashe shi. "Masha Allah, ka yi ƙoƙari" ba ya gyara kowa. Cikin minti 2 zuwa 3 mai sharhi ya faɗi abu biyu da suka yi kyau da gyara ɗaya tak, mai kamawa: "Malama, labarin kakarki ya kama mu, amma muryarki na faɗuwa a ƙarshen jimla, na baya ba su ji ba." Wanda ake wa sharhi ba ya kare kansa. Ya rubuta gyaran a bayan takardarsa, ya miƙa wa wanda zai yi masa sharhi a jawabi na gaba don ya sa ido a kai.