Idan muƙamuƙinka ya kumbura kuma ba ya ciwo

Wata takwas na yi ina shafa wani ɗan tudu a muƙamuƙina na hagu, ina kan keken ɗinki a shagona na Tudun Wada, ina cewa ai tunda ba ya ciwo ba komai. Sai da uwargida ta ce, "Malam, wallahi fuskarka ta karkace," sannan na nufi Shika, inda asibitin koyarwa na Zariya yake. Ashe ƙullutun ruwa ne a cikin ƙashi, ya tsiro daga saiwar wani turmin haƙori da ya yi kogo tun da daɗewa. Lokacin da haƙorin ya daina damuna na ɗauka kanumfari ne ya yi aiki, alhali jijiyarsa ce ta mutu.

To ka fara da madubi. Wanke hannu, ɗaga leɓe, dubi dasashi da ƙasan harshe, sannan ka shafa muƙamuƙi hagu da dama ka gwada su. Haƙori ya yi duhu? Ya fara girgiɗi ko ya kauce daga layinsa ba dalili? Leɓen ƙasa yana yin kamar ya mutu? Wani ruwa mai gishiri-gishiri yana tsattsafowa? Duk kumburin da ya wuce mako 2 bai sace ba, na likitan haƙori ne.

Ba duka ƙullutun ke cikin ƙashi ba. Akwai ɗan ƙullutu mai sheƙi da ke fita a leɓen ƙasa in mutum ya cije shi, yawu ne ya taru a ciki. Akwai na ƙasan harshe mai kama da cikin kwaɗo. Wani kuma, irin na cikin ƙashi, yana naɗe haƙorin can ƙurya da ya ƙi fitowa.

Kada ka tsaga, kada ka bari wanzami ya sa aska ko ƙaho. Ruwan zai fita, ka ji daɗi kwana biyu, amma jakar da ke riƙe ruwan tana nan, za ta sake cika, wataƙila har da mugunya. Kafso na kemis ma ba ya narkar da ita. Na sha ya fi a ƙirga.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ka nemi sashen haƙori da muƙamuƙi, ka yi sammako, ka riƙe kwalayen magungunan da kake sha, ka faɗa in kana da suga ko hawan jini. Za a ɗauki hoton ƙashi. A nawa na ga wani baƙin da'ira kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin haƙorin. Ƙarami akan ciro shi da jakarsa gaba ɗaya, babba kuwa wani lokaci sai a buɗe masa ƙofa ya riƙa tsiyayewa har ya ragu. In an ce a kai naman gwaji, kar ka ga kamar ɓarnar kuɗi ce, domin akwai ciwon ƙari na muƙamuƙi da ke kama da wannan a hoto, kuma aikinsa daban.

Bayan aiki, ranar farko ba kuskure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba sigari. Washegari ka fara kuskure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri, a hankali, bayan kowane abinci. Kunu da fate marasa zafi su ne abincinka, goro da ƙilishi su jira. Ranar da aka ce ka koma a sake hoto, ka koma, don wani irin yakan dawo.