Yadda Ake Koyon Firemwok na Gina Manhajar Yanar Gizo ta Hanyar Bin Jagora

Mutane da yawa suna bin jagorar koyon firemwok tun daga farko har ƙarshe, su ga shafin ya fito a burauza yadda marubucin ya ce zai fito, amma da zarar sun rufe jagorar suka yi niyyar gina wani ɗan ƙaramin abu na kansu, sai hannu ya tsaya cak, su rasa ta inda za su fara. Wannan ba rashin basira ba ne. Abin da ya faru shi ne sun kwafi aikin wani ba tare da sun gane dalilin kowane mataki ba, kuma laifin ba na jagorar ba ne, na yadda aka karanta ta ne. Wannan rubutu yana bayani ne kan yadda za ka bi jagora ta yadda abin da ke cikinta zai zauna a kanka bayan ka rufe ta.

Firemwok tarin kod ne da aka riga aka rubuta, wanda yake ɗauke da ayyukan da kusan kowace manhajar yanar gizo take buƙata, kamar karɓar buƙata daga burauza, da tantance adireshin da aka nema, da magana da rumbun bayanai, da shigar masu amfani ta kalmar sirri, da kariya daga sanannun hare-hare. Bambancinsa da laburaren kod shi ne, laburare kai ne kake kiransa idan ka buƙace shi, shi kuwa firemwok shi ne yake kiran kod ɗinka a lokacin da ya tsara, don haka koyonsa ya ƙunshi sanin inda yake so ka ajiye kowane abu da kuma lokacin da zai waiwaye shi. Manyan firemwok sun samo asali ne daga ainihin aiki. Django, wanda aka rubuta da harshen rubuta kod na Python, ya fito ne daga ofishin jaridar Lawrence Journal-World da ke Kansas a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. David Heinemeier Hansson ya ciro Ruby on Rails daga manhajar Basecamp a 2004, Taylor Otwell kuma ya fitar da Laravel na harshen PHP a 2011. Zan yi misalaina da Django saboda shi na fi sani, amma hanyar ɗaya ce ko da wanne ka zaɓa, muddin ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kansa har ka gama gina wani abu.

Kafin ka buɗe jagorar, ka tabbata harshen da aka gina firemwok ɗin a kansa ya zauna maka. Idan Django ne, ya kamata ka iya rubuta fankshin (guntun kod mai suna da ke yin wani aiki idan an kira shi) a Python ba tare da duba littafi ba, ka san jeri da ƙamus (list da dictionary, hanyoyin ajiye bayanai a Python), ka fahimci abin da aji (class) yake nufi da yadda wani aji yake gadon wani, ka kuma san yadda ake shigo da kod daga wani fayil. Wanda ya tsallake wannan zai riƙa haɗa matsala biyu wuri guda, domin idan kuskure ya taso ba zai iya bambance ko harshen ne bai fahimta ba ko firemwok ɗin ne. Haka nan kana buƙatar HTML, harshen tsara shafin yanar gizo, gwargwadon rubuta fom, da ɗan abin da ya sawwaƙa na SQL, harshen magana da rumbun bayanai.

Abu na biyu, wanda nake ganin ya fi kowane abu karya gwiwar masu farawa, shi ne rashin dacewar sigar jagora da sigar firemwok ɗin da aka girka. Firemwok yana canzawa duk shekara, jagora kuwa tana nan yadda aka rubuta ta. Ga misali guda da ake yawan cin karo da shi. Tsofaffin jagororin Django suna amfani da `url()` wajen tsara adireshi. Siga ta 2.0 da ta fito a Disambar 2017 ta kawo `path()` mai sauƙin karantawa, ta kuma daina aiki da Python 2, sannan siga ta 4.0 a Disambar 2021 ta cire tsohon `url()` daga `django.conf.urls` gaba ɗaya. Wanda ya girka sabon Django ya bi jagorar 2016, tun a darasin farko zai ga saƙon `ImportError`, ya yi ta duba rubutunsa harafi bayan harafi yana neman inda ya yi kuskure, alhali bai yi kuskure ba. Na ga ɗalibin da ya kwashe yini guda a kan wannan layi ɗaya har ya fara tunanin cewa aikin ba nasa ba ne, kuma abin ya ba ni takaici ƙwarai, domin duba kwanan watan jagorar kawai ya isa ya hana hakan. Saboda haka ka nemi lambar sigar da jagorar ta ambata, ka girka wannan sigar daidai, misali da `pip install django==5.2`, ko kuma ka nemi jagorar da ta dace da sabuwar siga. Jagorar da masu firemwok ɗin suka rubuta a shafinsu ita ce mafi aminci a nan, domin ana sabunta ta tare da kowace siga. Django yana da sigogi masu dogon tallafi, irin su 4.2 ta Afrilun 2023 da 5.2 ta Afrilun 2025, waɗanda ake gyara musu matsalolin tsaro na kimanin shekara 3, kuma su ne suka fi dacewa da mai koyo.

Ka keɓe wa kowane aiki muhallinsa da `python -m venv`, domin abin da ka girka don wannan aiki kada ya taɓa na wani. Minti biyu ne, kuma ba ya buƙatar dogon bayani.

Yanzu sai bin jagorar kanta. Ƙa'idar farko ita ce kada ka kwafa ka liƙa. Ka rubuta kowane layi da hannunka, ko da layin ya yi maka kama da abin da ba shi da amfani, domin lokacin rubutawa ne idonka yake tsayawa a kan waƙafi da baka da sunan fayil, kuma kurakuran da za ka yi wajen rubutawar su ne darussanka na farko a karanta saƙon kuskure. Ƙa'ida ta biyu ita ce kafin ka kunna kod, ka faɗa wa kanka abin da kake tsammani zai faru. Idan abin da ya fito ya yi daidai da tsammaninka, ka fahimta. Idan ya saɓa, to ka gano gurbin da ke cikin fahimtarka, kuma a nan ya kamata ka tsaya, ba ka wuce zuwa darasi na gaba ba.

Akwai wani aiki da jagorori ba su cika sa mutum ya yi ba, wanda kuma a ganina shi ne zuciyar koyon firemwok, wato bin sawun buƙata guda ɗaya tun daga burauza har ta dawo. Bayan ka kunna sabar gwaji, wato manhajar da ke amsa buƙatun burauza a kwamfutarka, da `python manage.py runserver`, ka buɗe `127.0.0.1:8000` tare da adireshin shafin da ka gina, sai ka ɗauki takarda ka rubuta tafiyar da hannu. Burauza ta aika buƙata irin ta GET, wato ta neman a ba ta shafi. Django ya duba `urls.py` daga sama zuwa ƙasa har ya sami tsarin adireshin da ya dace, idan bai samu ba ya mayar da lamba 404, wato ba a sami shafin ba. Idan ya samu, sai ya kira fankshin da ka rubuta a `views.py` ya miƙa masa buƙatar. Fankshin ɗin ya tambayi rumbun bayanai ta hannun ajin da ka bayyana a `models.py`, ya karɓi amsa, ya zuba ta a cikin samfurin shafi na HTML, sannan a mayar wa burauza da shafin tare da lamba 200, wato an yi nasara. Ka sa `print()` a cikin fankshin ɗin ka ga saƙon ya fito a taga mai baƙin allo duk lokacin da ka sabunta shafin, domin ka gani da idonka cewa firemwok ɗin ne yake kiran kod ɗinka. Da zarar wannan tafiya ta zauna maka, duk wani sabon abu da jagorar za ta kawo yana da wurin zama, domin za ka iya tambayar kanka a wace gaɓa ta tafiyar yake shiga. Kuma wannan taswira ce za ta bi ka zuwa Rails ko Laravel, inda sunayen fayiloli suka bambanta amma tafiyar kusan ɗaya ce.

Bayan kowane darasi ya yi aiki, ka lalata shi da gangan. Ka canza sunan samfurin shafi ka ga saƙon `TemplateDoesNotExist`. Ka ƙara sabon aji a `models.py` ka ƙi gudanar da `makemigrations` da `migrate`, ka ga rumbun bayanai na SQLite ya ce `no such table`, daga nan za ka fahimci cewa ajin da ke cikin kod daban yake da teburin da ke cikin rumbu, kuma waɗannan umarni biyu ne suke daidaita su, na farko ya rubuta canjin a fayil, na biyu ya aiwatar da shi. Ka cire `csrf_token` daga fom ka danna aikawa, za ka ga an ƙi karɓa da lamba 403, sai ka je ka karanta dalili, wato kariya ce daga wani shafi na daban da zai aika fom da sunan mai amfani ba da saninsa ba. Amfanin wannan shi ne ranar da waɗannan saƙonni suka zo maka ba da gangan ba, za ka gane su nan take. Ka kuma saba da karanta dogon saƙon kuskuren Python daga ƙasa, domin layin ƙarshe ne yake faɗin irin kuskuren, sannan ka hau sama kana neman layin da ya ambaci fayil ɗin da kai ka rubuta, ba na firemwok ba.

Lalata abu da gangan yana buƙatar hanyar komawa, don haka ka fara amfani da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, tun ranar farko, ka adana aikinka duk lokacin da darasi ya kammala kuma komai yana aiki. Umarni uku ko huɗu sun ishe ka a wannan mataki.

Idan wani abu ya shige maka duhu, ka ba kanka lokaci kana gwadawa kafin ka nemi taimako, amma kada lokacin ya zama kwanaki. Idan za ka yi tambaya, ka bayyana sigar da kake amfani da ita, da cikakken saƙon kuskuren, da abin da ka riga ka gwada. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya bayyana maka saƙon kuskure ko layin da ba ka gane ba, kuma wannan amfani ne mai kyau, amma idan ka bari su rubuta maka aikin darasin gaba ɗaya, ka koma gidan jiya na kwafa da liƙawa, sannan wani lokaci sukan ba da kod na tsohuwar siga, wanda mai koyo ba shi da idon gane shi.

Ranar da ka gama jagorar ba ranar fara wata jagora ba ce. Da yawa suna tsalle daga wannan zuwa waccan saboda bin jagora yana da daɗi, kullum akwai mai gaya maka mataki na gaba, sai su shafe watanni ba su gina komai da kansu ba. Abin da ya dace shi ne ka ƙara wa manhajar jagorar wani abu da marubucin bai yi ba. Jagorar hukuma ta Django, alal misali, tana gina manhajar jefa ƙuri'a kan tambayoyi. Kai sai ka ƙara mata ranar rufe ƙuri'a, ko ka hana mutum ɗaya jefawa sau biyu. Daga nan ka buɗe sabon aiki daga tushe, ƙarami, mai tebur biyu ko uku masu alaƙa da juna, kamar rajistar littattafai da masu aronsu, inda za a iya ƙara bayani, a duba shi, a gyara, a goge. Ka rubuta a takarda shafukan da kake so da bayanan da kowanne zai nuna kafin ka taɓa kwamfuta. Za ka manta abubuwa da yawa, kuma wannan ba komai ba ne, amma idan ka manta, ka nemi amsar a cikin kundin bayanan firemwok ɗin maimakon komawa jagorar, domin jagora tana koya hanya ɗaya ce ta yin abu, kundin kuwa yana nuna dukkan zaɓin da ke akwai, kuma shi ne abin da ƙwararru suke buɗewa kullum a bakin aiki.

Saura mataki guda da jagorori da dama suke wucewa da sauri, wato ɗora manhajar a intanet. Ina ba da shawara a yi shi da wuri, tun manhajar tana ƙarama, domin akwai abubuwan da ba sa bayyana sai an bar kwamfutar mutum. Sabar gwaji ta `runserver` ba a yi ta don jama'a ba, masu Django da kansu sun gargaɗi a kan haka, don haka ana amfani da saba irin Gunicorn, sau da yawa tare da wata sabar mai suna Nginx a gabanta. Dole ne ka mayar da `DEBUG` zuwa `False` a `settings.py`, domin idan ka bar shi a kunne, duk wanda ya jawo kuskure zai ga sassan kod ɗinka da saitunanka a shafin kuskuren. Da ka kashe shi kuma, Django zai buƙaci ka rubuta sunan shafinka a `ALLOWED_HOSTS`, in ba haka ba ya ƙi amsa buƙata. Ka fitar da `SECRET_KEY`, wato mabuɗin sirrin manhajar, da kalmar sirrin rumbun bayanai daga cikin kod, kada su shiga Git, domin abin da ya shiga tarihin Git yana nan ko da ka goge shi daga fayil daga baya. Ka rubuta sunaye da sigogin duk abin da ka girka a `requirements.txt` domin sabar ta girka irinsu daidai, ka gudanar da `collectstatic` domin fayilolin CSS masu ƙawata shafi da hotuna su taru wuri guda, sannan kafin ka ba kowa adireshin, ka gudanar da `python manage.py check --deploy`, wanda zai jero maka saitunan tsaron da suka rage, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana karanta abin da kowanne yake karewa kafin ka kunna shi.