Kafin ka sayar da mindar Kaka ko azurfar Inna, tsaya ka karanta wanga

Jama'a abin yana ƙona min rai wallahi, a buɗe akwatin ƙarfen tsoho bayan rasuwa a tarar da minda da bajon soja da tsoffin azurfa, kafin sati yara sun kai wa mai gwangwan ya ɗora a sikeli ya ba su kuɗin da ko mudun gero ba zai saya ba. Gidaje da yawa a nan Sakkwato kakanninsu sun yi yaƙin Bama, wato ƙasar Burma da ke Asiya, kayan suna nan cikin adaka, sanin su ne babu.

Kuskuren da ya fi muni shi ne gogewa. Mutum ya ga abu ya yi duhu sai ya ɗauko toka da tsamiya ko lemun tsami, wani ma har da soson ƙarfe, ya dirje shi ya yi fes wai don ya yi tsada. To faɗuwa ya yi. Wannan duhun shi ne shaidar tsufa, masu tara irin kayan nan shi suke dubawa, kuma dirzar tana cinye ƙananan rubutun gefen minda, wanda shi ne ran abin gaba ɗaya. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Ƙyallen da mindar ke rataye da shi ma a bar shi ko ya koɗe, kar a kai wa tela ya canza.

Sai rashin duba bajo da kyau. In ka ga iccen kwakwa da rubutu RWAFF a ƙasansa, na rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma ne, kuma R ɗin farko tana faɗa maka zamani, don sai 1928 aka ƙara ta, mai WAFF kawai ya girme shi. Wanda ke da mikiya da tauraro da rubutun Larabci kuwa na sojan Najeriya ne bayan 'yancin kai, kar wani ya ce maka na zamanin Gwamna Lugga ne. Akwai kuma na ƙyalle da ake ɗinkawa a hannun riga, su aka fi zubarwa don ana ganin tsumma ne: baƙin gizo-gizo a kan rawaya na runduna ta 81 ne, mashi biyu a gicciye kan gammo na runduna ta 82, dukansu sun yi yaƙi da Japan a Bama. Dan Allah kar a jefar.

Wani kuskuren kuma, ɗauka cewa duk minda dukiya ce. A'a. Na yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, irin mindar nan mai siffar tauraro da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Bama, an buga su da yawan gaske, tagulla ce ba zinari ba, mai zagayen ma da ke fari ba azurfa ba ce, kuma Ingila ba ta buga suna a kansu ba. Ita kaɗai kuɗinta kaɗan ne. Amma waɗanda suka girme su, na yaƙin 1914 zuwa 1918, juya gefensu ka duba za ka ga lamba da suna da muƙamin mai ita. Haka ma wadda ke da ɗan ƙarfe a sama an rubuta N. Nigeria 1903, wannan ta yaƙin da aka ci Kano da Sakkwato ce, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Na san mindar wanda ya yaƙe mu ce, zuciya ba ta so, amma tarihinmu ne a jikinta kuma ba abin kai wa maƙeri ya narke ba ne.

Nan ne rabon gado ke shigowa. Ya Malam ya ɗauki minda ɗaya, ƙanwa ta ɗauki hoto, takardar sallama kuma a bar wa gara, shi ke nan an kashe darajar duka, tunda mindar da ba suna takardar nan ce kawai ke nuna ta wane ce. Ku bar su wuri ɗaya a yi musu kuɗi tare, wanda ya riƙe ya biya sauran magada haƙƙinsu.

Ɓangaren iyayenmu mata kuma, babban ruɗun shi ne tsabar azurfar nan mai hoton mace da ake hudawa a sa a sarƙa ko a kitso. Ana ganin 1780 sai a ce ai ta haura shekara 200. Kuɗin ƙasar Ostiriya ne mai hoton sarauniya Mariya Tereza, a 1780 ta rasu, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canza ba har zamaninmu. Azurfa ce mai kyau in ta gaske ce, amma shekarar ba hujjar tsufa ba ce, balle in an huda ta, mafi yawa kuɗin nauyinta za a ba ki.

A duba lambobin da aka buga a bayan sarƙa ko cikin zobe: 925 azurfa ce, 750 zinari mai karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. In an ga GP ruwan zinari ne kawai aka shafa. Mayen ƙarfe yana taimakawa, in ya kama to ba zinari ba ne ba azurfa ba, sai dai rashin kamawar ba shaida ba ce don tagulla ma ba ya kama ta. Kuma lamba ana buga ta jabu, saboda haka a kai wa masu zinari biyu ko uku a kasuwa su gwada a gabanki, kar a yarda a kankare abin da sunan gwaji.

Farashin da kuke gani a intanet ma, abin da mai kaya ya nema ne, ba lallai an saya haka ba, ga sababbin bugu da ake tsufar da su da gangan. Ku ɗauki hoton gaba da baya da gefe, ku rubuta sunan mai kayan da garinsu tun da sauran tsofaffin da suka san shi. In abin ya yi kama da na tarihi sosai a leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu a nemi shawara, kuma duk mai cewa zai fitar maka da shi waje ya sani kayan tarihi ba sa barin Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.